Gida rabi ƙasa rabi bulo: da me zan fara kafin damina ta kankama?

Ɗan Cikin Gari:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar magina da kafintoci da duk wanda ya san harkar gini. Gidan gado ne a cikin birnin Kano, ɗakuna uku na ƙasa masu rufin soro, sai ɗaki biyu da falo na bulo da aka ƙara daga baya aka rufa da kwano. Katangar waje ta bulo ce mai inci 6. Ɗaya daga ɗakunan soron yana yoyo ta kusurwar gabas, gindin bangonsa kuma ya zaizaye har hannu na shiga. Kwanon falo yana kaɗawa da ƙara in iska ta taso. Tsakar gida kuwa in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya kwanta kusan awa biyu kafin ya janye, don tun da aka yi wa layinmu ciko titi ya fi gidan tudu. Ga shi mun shiga Afrilu, kuɗin da ke hannu kuma ba zai yi duka ba. Da wanne zan fara? Sannan wani ya ce in shafe bangon ƙasar da siminti in huta da yaɓe duk shekara, ko haka ne?

Malam Kafinta:

Wa alaikumus salam. Malam, fara da kwanon, don lokacinsa ya fi kusa. Ruwan da ke jiƙa ginin ƙasa har ya zauna sai Yuli da Agusta, amma iskar da ke yaye rufi ta farkon damina ce, wadda ke tasowa daga gabas da jan ƙura kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Ita ce a bakin ƙofa yanzu.

Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. In ta bi ta saman kwano da gudu sai ta zuƙe shi sama, in kuma ta samu taga ko ƙofa a buɗe ta ɓangaren da take busowa, sai ta cika ɗakin ta turo shi daga ƙasa. Don haka aikin duka na ɗauri ne. Kwano a jikin siririn katakon da ake kira tu-bai-tu, tu-bai-tu a jikin rafta, rafta a jikin katakon kan bango, shi kuma katakon kan bango a jikin ginin kansa. Inda ɗaya ya saki, daga nan za ta fara ɓarna.

A cire falle ɗaya na silin a shiga da tocila da sukundireba. Abu na farko da za a duba shi ne katakon kan bango: da me aka riƙe shi? A ginin da aka yi da kyau, tun wajen zuba linta ake barin rodi mai milimita 6, wanda ake kira kwata, ya leƙo sama a lanƙwasa shi a kan katakon. Gidaje da yawa da aka yi wa ƙari babu wannan, an ɗora katako ne kawai an buga kusa cikin bulo. Irinsu ne ake wayar gari a ga rufin ɗungurungum a gidan maƙwabta, da katakonsa da komai. In naka haka yake, ba sai an kwance rufi ba. A huda bangon layin bulo biyu ko uku ƙasa da samansa, a zura kwata ko faffaɗan ƙarfen ɗauri mai kamar ɗamara, a zagayo da shi ta kan katakon da raftar, a ja ya ɗame, a buga kusa, a cike hudar da siminti. Kowace rafta in da hali. In babu hali, kusurwoyi huɗu tilas, sannan a riƙa tsallake ɗaya ana ɗaure ɗaya. Layin bulo ɗaya na sama bai isa ba, iska na iya ɗaga shi tare da rufin.

Sai a bi katakon ana soka sukundireba. Duk inda ta nutse ko gari ya zubo, gara ta gama da shi, kusa ba ta da abin kamawa. A canza shi, ko a haɗa masa wani sabo a gefe a ɗinke su. Sabo da tsoho duka a shafe su da maganin gara na katako, Solignum, in ya yi tsada baƙin mai ma yana taimakawa. Inda tu-bai-tu ya hau kan rafta, kusa ɗaya a tsaye ba ɗauri ba ce, don yadda ta shiga haka za ta fito. A buga biyu masu inci 3 a karkace su saɓa wa juna, ko a ƙara waya mai kauri a murɗe.

Ƙarar da kake ji, kusoshi ne suka yi sako-sako, ko kuma tazarar tu-bai-tu ta yi yawa. Kada ta wuce ƙafa uku, a bakin rufi ma gara ƙafa biyu. Kusar kwano mai hula ake sa wa, da robarta, kuma a kan tudun kwano ake bugawa, ba cikin kwarinsa ba inda ruwa ke bi. A tsakiyar rufi ana iya tsallake tudu biyu, amma a bakin ƙasa da gefuna da ƙololuwa, kowane tudu ko a tsallake ɗaya kawai, don nan iska ke sa yatsa. Kada a mayar da kusa cikin tsohon raminta, ya riga ya buɗe. A toshe shi da tef mai kwalta bayan an goge wurin ya bushe, a buga sabuwa a tudu na gaba. In kwanon alminiyam ne a nemi kusarsa, ta baƙin ƙarfe tana cin wurin har ramin ya faɗaɗa. Haɗin falle da falle kuma, gefe ya hau tudu ɗaya da rabi zuwa biyu, na sama ya hau kan na ƙasa da inci 6 zuwa 8, bakin haɗin ya ba gabas baya.

In akwai rumfa da aka jona da katakon babban rufi, a raba su. Rumfa buɗaɗɗiya ce, ita iska ke fara ɗauka, in a haɗe suke sai ta ja na falo su tafi tare.

Baba Magini:

Sannunku da aiki. Malam Kafinta ya yi gaskiya a kan iska, sai dai ɗana, ka sani aikin ƙasa shi ne wanda ba a yi cikin ruwa. Kwano ko a Yuni an samu rana ɗaya ta fari za a hau a buga. Yaɓe kuwa yana son ya bushe sarai kafin ruwan farko ya dake shi, ita ma ƙasar tana son kwanaki kafin ta nuna. Don haka ko kafinta za ka fara kira, a ranar ka sa a kawo ƙasa a jiƙa.

Kwaɓin: jar ƙasa mai danƙo, a tsince duwatsu, a zuba yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin doki ko na jaki, a zuba ruwa a tattake da ƙafa, a tara a bari. Bayan kwana biyu ko uku a sake jiƙawa a sake tattakewa, a yi haka kamar sau uku. Wadda aka kwaɓa da safe aka yaɓa da rana, ita ce ke tsagewa kamar bayan kunkuru ta zube a ruwan farko. In ana samun makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka daka, a jiƙa ta a yi shafen ƙarshe da ruwanta, tana sa bango ya yi tauri ruwa ya riƙa zamewa. Na da can laso suke yi wa soro, katsin marina da gashin majema da dafara, shi ya sa rufinsu ke shekaru. Yanzu masu haɗa shi sun yi ƙaranci.

Kan soron, kuskuren da ya fi kashe ɗaki shi ne ƙara ƙasa duk shekara a kan tsohuwa. Yi lissafi: ɗaki mai mita 3 da 4, in ka ƙara ƙasa mai kaurin santimita 5, ka ɗora wa azara nauyin da ya kai tan ɗaya, kamar buhun siminti 20, tun ma kafin ta sha ruwa. Shekara biyar ana haka, azara sai ta gaji. Azara ta giginya ce, tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika damunta ba, amma ba ta son gudu mai tsawo, kamar ƙafa shida take ɗauka, kuma kanta da ke cikin bango yana ruɓewa in laima ta daɗe a wurin. Don haka a share rufin, a tuge ciyawar da ta tsiro har saiwa, a kankare tsohon yaɓen da ya saki a sauke shi ƙasa, sannan a sa sabo daidai abin da aka cire. Tsaga kuma ba a shafe bakinta. A buɗe ta da wuƙa ta yi faɗi, a yayyafa ruwa, a cusa ƙasa a daddaɓe. Bayan kwana biyu a koma, za a ga ta ja, a sake cikawa.

Yoyon kusurwar gabas, kafin ka zargi rufin duka, duba indararo. Sau da yawa nan ne: ko ya toshe da ganye da leda ruwa ya taru a bayan rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye kan soro, ko ƙasar da ke riƙe da wuyansa ta tsage ruwa na bi ta ƙarƙashinsa yana shiga bango. A zuba bokiti biyu a kan soro a tsaya a gani. Duk inda ruwa ya tsaya, kwari ne, a cike shi har rufin ya gangara zuwa indararo. Shi kuma indararon ya fita daga bango kamar kamu ɗaya da rabi, a ɗan sunkuyar da bakinsa, inda ruwansa ke faɗuwa a jera duwatsu ko fasasshen bulo. Gajeren indararo shi ke wanke bango tun daga sama ya haƙe gindi.

Gindin da ya zaizaye shi ne ya fi ba ni tsoro a duk abin da ka lissafa. Kada a kankare shi gaba ɗaya a lokaci guda, bango zai rasa abin tsayawa. A ɗauki kamu biyu, a cire ruɓaɓɓiyar ƙasa har a kai mai tauri, a cusa duwatsu ko tubali da kwaɓi mai ƙarfi, a tsallake kamu biyu a yi na gaba, in sun bushe a dawo kan waɗanda aka tsallake. Bayan nan a gina ɗan dakali na dutse ko bulo a jikinsa, tsayin gwiwa, samansa ya gangaro waje.

Maganar siminti kuwa, wanda ya ba ka shawarar nan ya faɗi rabi ya bar rabi. Ƙasa tana kumbura in ta sha laima, ta motse in ta bushe, siminti ba ya bin ta. Shekara ɗaya ko biyu sai su rabu, in ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga. Ruwa ya samu 'yar tsaga daga sama ya shiga tsakani, rana kuma ba ta isa gare shi, sai bango ya yi ta jiƙa a ɓoye alhali daga waje fes. Yaɓen ƙasa aƙalla yana nuna maka ciwonsa. In dole sai simintin, a kafa kusoshi ko tsakuwa a jikin bangon, a ja wayar kaji, a yi kwaɓi mara ƙarfi, siminti kwano ɗaya yashi takwas, a rufe kan bangon da kyau, kuma duk shekara a bi ana ƙwanƙwasawa. Ka ga ba hutu ba ne.

Injiniyan Ruwa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Zan ɗan saɓa da ku duka biyu a kan abin da ya fi muhimmanci. Ruwan da ke kwanciya awa biyu a tsakar gida shi ne ya ci gindin bangon nan. In aka gyara gindin aka bar ruwan, baɗi a nan za mu sake haɗuwa. Kuma shi ne mafi arha a cikin ukun in aka yi sa'a.

Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Fili mai ƙafa 50 da 50 ya ɗan haura murabba'in mita 230. Ruwa mai ƙarfi na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, zai sauke wa gidan sama da lita 11,000, jarka mai lita 25 fiye da 450. Duk wannan ta wuriya ɗaya ake so ya fita, wadda wataƙila faɗinta bai wuce tafin hannu ba, rabinta kuma yashi ne da ledar fiya wata.

Kafin ka kashe ko sisi, yi awo. Samo siririn tiyo mai haske na mita 10 zuwa 15, irin wanda magina ke lebur da shi, cika shi da ruwa ka fitar da iska. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a wuri mafi kwari a tsakar gida, ɗayan a cikin kwatar waje. Ruwan bakin biyu a layi ɗaya yake tsayawa, sai kowa ya auna daga ruwan zuwa ƙasa. A yi wa daɓen kowane ɗaki haka. Titi na iya fin gida tudu amma gindin kwata ya fi gidan kwari, musamman in aka yashe ta har ƙasa. In haka ne, ka tsira da sauƙi: a binne fayif ɗin PVC daga tsakar gida zuwa kwata da gangarar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Sa mai inci 6, don bakinsa ya ninka na inci 4 fiye da sau biyu. A bakin shiga a yi ɗan akwatin siminti mai zurfin ƙafa ɗaya ƙasa da fayif ɗin, da raga a kai, yashi ya riƙa zama a ciki ana kwashewa. A bakin fita kuma a rataya faifan roba mai kauri daga sama, irin na tsohuwar tayar mota, wanda ruwan gida zai tura ya buɗe, in kwata ta cika ruwan waje ya danne shi ya rufe.

In kuwa gindin kwatar ma ya fi tsakar gida tudu, ruwa ba ya hawa tudu don an roƙe shi. Sai dai ciko, ko rami na tara ruwa da ɗan famfo mai zuƙa. Ciko yana da tarko biyu. Na farko, in tsakar gida ta tashi ɗakuna suka zama kwari, ka kai ruwan ɗaka da hannunka. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu da aƙalla inci 6. Na biyu, cikon da ya jingina da bangon ƙasa yana shayar da shi laima, don haka sai an fara gina dakalin da Baba ya faɗa, cikon ya tsaya a jikinsa. Kada a haƙa sokawe na ruwan sama kusa da ginin ƙasa, yana son nisan kamar mita 5 daga bango, gidan cikin gari kuwa da wuya ya samu. Kada kuma a jona ruwan rufi da sokawen banɗaki, rana ɗaya zai cika ya dawo da abin da ke ciki. Abin da ke rage kaya shi ne a sa wa kwanon falo magudana a bakinsa a kai ruwan tanki ko kai tsaye waje, kada ya sauka tsakar gida sam.

Katangar inci 6: in ruwa ya taru a gefe ɗaya ta zama dam, ba don haka aka gina ta ba. Ruwa mai zurfin rabin mita yana tura kowace mita ta katanga da nauyin kilo 125, in ya kai mita ɗaya ya zama kilo 500. Ninki biyu na zurfi, ninki huɗu na turi. Ta samu ginshiƙi mai rodi duk mita 3. In ta karkata ko ta tsage daga sama har ƙasa, a sauke layi biyu ko uku na sama tun yanzu, kuma kada a bar yara ko dabbobi su fake a gindinta.

Kwatar layi kuma sai an haɗa kai da maƙwabta an yashe ta har inda take zubewa, a kwashe abin da aka fitar a ranar. In aka tara a bakinta, ruwan farko zai mayar. Kududdufan da ada ke shanye ruwan unguwannin Kano an cike da yawa an yi gini a kai, ruwan da suke ɗauka yanzu layi yake bi.

Ɗan Cikin Gari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan yi awon tiyo in sa a jiƙa ƙasa. Tambaya biyu: duwatsu da tayoyin da ke kan kwanon, in bar su ko in sauke? Sannan ƙofar gida, ruwan titi na shigowa ta zaure in an yi mai yawa.

Malam Kafinta:

Sauke su, amma bayan an gama ɗauri, ba kafin ba. Dutse yana lotsa kwano ya yi kwari, ruwa ya zauna, tsatsa ta huda. Taya tana tara ruwa sauro ya yi gida. In iskar ta kai ta kawo kuma, da su za ta tashi ta sauke a kan mutane. Kana sama ka duba dish da sola, ƙafafunsu su kama katako, ba fallen kwano kaɗai ba. Reshen darbejiya ko na turare da ya rufo kan gida a sare shi yanzu, a ɗaure da igiya a sauke a hankali. In yana kusa da wayar wuta a kira ma'aikatan wuta su yanke layin tukuna.

Injiniyan Ruwa:

Zaure: a gina dokin ƙofa na kankare, siminti kwanon sarki ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ya fi inda ruwan titi ya taɓa kaiwa da inci 4. Tabon ruwan bara yana nan a jikin bango, shi za ka auna. A yi masa gangara ciki da waje saboda babur da tsofaffi. Kafin a yi, buhun yashi yana riƙewa: a cika rabi ko kashi biyu cikin uku, a shimfiɗa leda mai kauri ta hau jikin ƙofar, a jera buhunan kamar ginin bulo ana tattakewa. Cikakken buhu ba ya kwanciya, ruwa na bi ta tsakani.

A bambance abu biyu kuma. Duk abin da muke faɗa a nan na ruwan da ya sauka a unguwa ne. Ambaliyar kogi ko fashewar dam wani abu ne daban, kamar ta Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, ko ta Mokwa a ƙarshen Mayun 2025. Masu karatu daga bakin kogin Haɗejiya, irin su Ringim da Auyo, ko gaɓar Binuwai da Neja, buhun yashi ba zai yi musu komai ba. Nasu shi ne sauraron hasashen farkon shekara na hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, da na ambaliya da hukumar lura da koguna, NIHSA, ke fitarwa, da sanin tudun da za a nufa tun kafin dare ya yi.

Mai Gyaran Wuta:

Nawa gajere ne, Malam. Kowane baligi a gidan ya san inda babban makunni yake, kuma wurin ya zama ana kai wa gare shi ba tare da an taka ruwa ba. Da ruwa ya fara shiga ɗaki a kashe, har da inbata, don mutane na manta cewa ko an ɗauke wuta batir na nan yana ba soket. Soket ɗin da ke kusa da ƙasa a ɗaga shi, batura da inbata su hau kan benci. Wayar da aka ja ta kan kwano ko aka naɗe da leda a wurin haɗi, a canza ta kafin ruwa, ita ce ke sa ƙofar ƙarfe da kwano su riƙa ja. Janareta ba ya shiga ɗaki ko zaure don ana ruwa, hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, a yi masa 'yar rumfarsa a waje nesa da taga. In ana tsawa a zare talabijin da firij da wayar dish daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Wayar da ta faɗo a titi a ɗauka da wuta a jikinta, har ruwan da take kwance a ciki. Lambar gaggawa 112 ce.

Hajiya Malamar Asibiti:

Sannunku maza, kun gama da bango da rufi, saura abin da ke cikin gida. Malam, ba ka faɗi ko akwai rijiya da masai ba, amma gidan gado a cikin gari da wuya a rasa. In ruwa na kwanciya awa biyu a tsakar gida, to yana leƙa masai yana leƙa rijiya, daga nan amai da gudawa ke farawa. Bakin rijiya ya tashi kamar tsayin ƙugu, da murfi, da daɓen siminti kewaye da shi mai gangara waje. Bakin masai ma a ɗaga shi, in ya kusa cika a kwashe yanzu, a duba daɓensa, don masan da ba a gina cikinsa ba yana ruftawa in ƙasa ta jiƙa. Duk ranar da ruwan ƙasa ya shiga rijiya, ba a sha sai an tafasa ko an sa maganin ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa awon da ke jikin kwalin, a jira rabin awa. A ajiye ORS, garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a gida. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a fara bayarwa ana kan hanyar asibiti.

Buhunan hatsi su hau kan katako, su bar jikin bango da tazarar tafin hannu biyu. Takardun gida da na makaranta da katin asibiti a sa a leda biyu, a cikin bokiti mai murfi, a sama. Tocila da maganin masu hawan jini da ciwon suga su kwana wuri ɗaya da kowa ya sani. Akuya da tumaki kada a bar su a ɗaure a kwari. Bayan ruwa a kakkaɓe takalma da tabarmi, kunama da maciji ma tudu suke nema. Yara kuma a hana su wasa a kwata: ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu da kaɗan, kamar inci 6, yana kayar da babba.

Baba Magini:

Hajiya ta tuna mini abu ɗaya. Ɗakin ƙasa ba ruwa mai ƙarfi na awa ɗaya ya fi kayar da shi ba, sai na marka, wanda zai kwana ya wuni yana zuba a hankali har ƙasa ta ƙoshi. Tsohon masallacin Damagaram ma, da ya haura shekara ɗari a tsaye, ruwan daminar 2024 ya kayar da shi. Don haka ɗana, wannan ɗakin na gabas, ko an gyara shi, bana a daren da aka wuni ana ruwa a kwana a na bulo. Alamominsa kuwa: ƙasa na zubowa daga tsakanin azara, azara na ƙara, ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa, bango ya yi ciki, ko tsaga ta ƙara baki. Tsagar a ja mata layi da alli a ƙarshenta a rubuta kwanan wata, in ta wuce layin tana tafiya ke nan. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan a fitar da mutane tukuna, kaya daga baya, a tokare azarar da tu-bai-fo biyu a tsaye, da guntun katako a kwance sama da ƙasa. In za a rufa tamfol a kan soron don wucin gadi, a bar bakin indararo a buɗe, kuma rana na fitowa a yaye shi rufin ya sha iska.